Rasuwar Masakin Gindin Rumbu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido kuma a buɗe, ni Sada na Babban Duhu, a madadin iyalina da rumbuna, nake sanar da jama'ar Safana da Batsari rasuwar tsohon masakinmu, babbar ƙwaryar nan makwancin kyanwarmu Baƙa, wanda ya cika ranar da na tafi kasuwar Batsari. A riƙe wannan: ba na gida.

Marigayin ya shigo gidan nan shekarar samun mulkin kai. Tsohuwata, Allah ya jiƙanta, ita ta sayo shi, ya yi mata aikin nono shekara shida. Da ya tsage, gyartai ya ɗinke shi sau biyu, a na uku ya ce a bar shi ya huta. Sai tsohuwa ta shimfiɗa masa tsumman zanenta na saƙi, ta aje shi gindin rumbu. A ciki aka haifi Baƙa, a ciki Baƙa ta haihu sau biyar. Tun daga nan ban ƙara ganin kashin ɓera a gerona ba. Ko shekarar fari, abin da na zuba shi na ɗiba.

Bai taɓa neman komai wurin kowa ba. Da zafi sanyi gare shi, da sanyi ya riƙe ɗumi. In Baƙa ta juya a cikinsa sai ya ce ƙwas, ƙwas, daga wajen ɗinkin nan na hagu. In na ji haka na san mai gadi na bakin aiki.

Bai yi jinya ba, kuma nan maganar take. Da safe na bar shi lafiya lau, da la'asar na iske shi ya fashe gida uku. Mutanen gida sun ce akuya ta taka shi. Akuyar tana turke, ni na ɗaure ta, kuma ɗaurina ba ya kwancewa. Suka ce to iska ce. Iskar ba ta ko motsa faifan da ke kan randa ba. Kuma ban san akuya ko iska mai tafiya da tsumma ba, don tsumman tsohuwa an neme shi an rasa.

Ba na zargin kowa, abin da na sani nake faɗi. Maƙwabcina Badaru, wanda katanga ɗaya ta raba mu, ya zo mini kwana takwas kafin rasuwar, wai ɓera ya cinye masa irin gyaɗa, in ba shi aron Baƙa na sati ɗaya. Na ce masa kyanwa ba galma ba ce. Matarsa Zuwairatu kuwa ta shigo ɗibar wuta ranar da abin ya faru, har sau biyu, alhali hayaƙi na tashi a gidansu. Ita ce kuma ta fara zuwa mana jaje.

Ƙanena Sammani, masinja a Kaduna, wanda tun da ya karɓi ƙarin albashin Udoji yake ganin komai na roba ya fi, ya kawo jan baho da yankin katifar soso a ciki. Baƙa ta sunsuna sau ɗaya, ta yi atishawa, ta haye katanga. Na gwada kwando, na gwada buhun gyaɗa, har sabon masaki na sayo. Ko kallo. Yau kwana goma sha ɗaya tana kwana a wancan gefen. Badaru ya rantse shi bai kira ta ba. Na yarda, ai ba da baki ya yi ba.

Marigayin ya bar Baƙa, da 'ya'yanta huɗu da suka bi ta, da gero dami tamanin wanda jiya na ga ƙaiƙayi zube ƙarƙashinsa. Kaka na da nisa, bakin da ke ci a gidan nan tara.

Za a binne gutsuren uku a gindin rumbu ranar Asabar bayan la'asar. Ana karɓar gaisuwa a zaure, ba a buƙatar goro. An haƙa rami, amma ba za a rufe ba sai kayan mamaci sun cika, wato tsumman tsohuwa, baƙi mai ratsin fari, da ƙunar wuta a gefe ɗaya. Sabon masaki na nan yana jiran gadonsa. Wanda tsumman yake hannunsa ba sai ya yi sallama ba, ya jefo ta kan katanga, ni zan juya baya.

In Asabar ta wuce bai faɗo ba, Lahadi ni zan je gaisuwa maƙwabta, kuma daga gindin rumbunsu zan fara.