Ƙwanku Ya Mayar Da Ni Kaza

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Ƙwan Lantarki Mai Dogon Kwana,

Ranka ya daɗe, amma don Allah kada ya kai na ƙwanka.

Bayan gaisuwa da ladabi, ni ne Gathogo, tsohon direban matatu, motar hayarmu ta nan Nyahururu. Matata Nyokabi tana kiwon 'yan tsaki a ɗakin baya, kuma tsohon ƙwan lantarki mai zafi ne yake ɗumama su. Da watan sanyi ya kama, ta kwance shi ta ɗaura naku, wai ba ya shan wuta. Ga kukana:

1. Yallaɓai, wane irin ƙwai ne wannan mai haske kamar rana, sanyi kamar hancin kare? Washegari muka tarar da 'yan tsakin sun dunƙule a lungu suna karkarwa. Nyokabi ta dubi ƙwan, ta dube ni, ta ce, "Baban Kiragu, ai kai jikinka zafi gare shi, kuma ba abin da kake yi. Buɗe kwat ɗin nan." Na buɗe. Tun ranar ban sake rufe ta ni kaɗai ba.

2. An zaunar da ni kan buhun masara, 'yan tsaki a aljihu, a hammata, ɗaya cikin hula. Tari ma sai na nemi izini. Shayi kuwa ana ɗura mini shi ba ƙaƙƙautawa, ba don ƙauna ba, don kada in huce.

3. Yanzu sun ɗauka ni na haife su. Ranar Lahadi suka bi ni coci a jere har gaban fasto. Abokina Ndirangu, wanda ko akuya bai taɓa riƙewa ta rayu ba, ya ɗaga murya ya ce, "Sannu mai jego! Yaushe za a yaye su?" Mata suka yi ta dariya har da hawaye. Wallahi na ji kunya, mutum da furfurarsa!

4. Na roƙi a dawo da tsohon ƙwan. Nyokabi ta ce ta kyautar da shi, kuma wani ba zai shigo gidan nan ba sai naku ya mutu. Na duba kwalin, na ga kun rubuta shekara goma. Shekara goma, ranka ya daɗe! Wa ya aike ku? Na kunna na kashe har yatsana ya kumbura. Na zage shi. Na ɗan taɓa shi da tsintsiya, bisa kuskure, sau da yawa. Ko ƙiftawa bai yi ba.

5. Babban abin takaicin, ɗan tsako ko ɗaya bai mutu ba. Nyokabi tana ta yabona a gaban matan ƙungiyarsu, har wata ta tambaya ko ana ba da arona.

Saboda haka ina roƙon alfarmarku, gwiwa biyu a ƙasa (a hankali, akwai 'yan tsaki biyu a aljihun wando): ko dai ku ƙera ƙwan da yake zafi, ko ku faɗa mini a asirce abin da yake kashe wannan. Ba zan gaya wa kowa ba.

A taimaka a gaggauta amsa. Nyokabi ta yi odar 'ya'yan agwagwa, ranar kasuwa za a kawo su, ni kuwa ban iya iyo ba.

Naka mai matuƙar biyayya, daga kan buhu,

Gathogo wa Mureithi
Nyahururu