Ƙwayar Safe a Gidan Dare

Ranar an wuni ana yayyafi, irin wanda ba ya jiƙa mutum sai ya yi nisa da gida. Tsohon yana zaune a bakin gado, ya rufe kumburarrun ƙafafunsa da bargo, sai ga jikarsa ta turo ƙofa da kafaɗa, lema a hannu ɗaya, ledar magani a ɗaya.

"Ya ƙarfin jiki, Angona? Ko in fara neman wani mijin?"

"Nemi, Amarya. Duk wanda ya yarda ya ɗauke ki da wannan bakin, ni zan raka shi da addu'a."

"Ka samu kamata ma ka gode. Haƙoranka nawa suka rage?"

"Huɗu. Sun ishi girkinki, tunda ba ya taunuwa ko da talatin."

Ta yi dariya ta zauna a ƙasa. Shi kuwa dariyar ba ta kai masa ciki ba, don ya san abin da ya kawo ta. Kwana uku ke nan da sallamo shi daga asibiti da magani kala biyar. Ɗansa, uban yarinyar, ya ce tsoho bai yi boko ba, zai rikita ƙwayoyin, saboda haka ya tattara ya koma gidansa da zama. Tsohon bai yi musu ba, don ba halinsa ba ne. Amma shekararsa arba'in a ɗakin nan. Ga tagar da yake gaisawa da masu wucewa, ga kujerar marigayiya matarsa inda ta bar ta. An aiko jikar, wadda ke shekarar farko a makarantar koyon jinya, ta sayo maganin, ta jera shi, ta kuma haɗa masa kaya.

Ta fito da wani akwatin roba mai ƙananan gidaje, kowace rana da gidan safe, na rana da na dare. Tana duba takardar likita tana jefa ƙwayoyi, tana yi masa gorin cewa a gidansu ita za ta riƙa ɗura masa kamar jariri. Ya bar ta har ta gama, sannan ya tambaye ta laifin da ya yi da za a kore shi daga ɗakinsa.

Ta kaɗa takardar. "Wannan ce, Ango. Mu da muke makaranta ma sai mun ƙura ido."

"In na karanta fa?"

"In ka karanta, da bakina zan gaya wa Baba a bar ka. Amma ka riƙe ta daidai tukuna, kada ka kifa ta."

Abin da jikokinsa suka sani shi ne kakansu mai shara ne a asibiti. Ba su san cewa shekara talatin da ɗayan da ya yi yana aikin a ɗakin ba da magani ya yi su ba. Mai harhaɗa maganin mutum ne mai ƙaramar murya, sai ya karanta takarda a hankali, shi kuma tsohon ya jingine tsintsiya ya maimaita wa mara lafiya ta taga da ƙarfi. Bai iya haɗa baƙi ba har yau, amma ya san fuskokin 'yan haruffan da likitoci ke taƙaita ƙa'idar shan magani da su kamar yadda ya san maƙwabtansa.

Ya sa tabarau. Ta ɗora yatsa a kan wasu haruffa biyu a takardar, bd.

"Waɗannan masu tumbi biyu ne sun haɗa ciki, kamar ubanki da kawunki in an kawo abinci. Sau biyu a rana."

Ta ce sa'a ce. Ta matsa zuwa tds. Ya ce su uku ne a jere, sau uku, safe da rana da dare. Ta nuna pc, ya ce sai an ci abinci, kuma a gidanta wannan ƙwayar ba za ta taɓa shayuwa ba. Ta tsallaka zuwa prn tana murmushi, don su ma a makon jiya aka koya musu.

"Wannan irinki ce. Ba a nemanta sai ciwo ya tashi."

Murmushin ya ragu. Ta ce to ai ta ga alama ya haddace ne a gadon asibiti, yana saurare. Ya ce ƙwarai, har da stat ya haddace, wadda ake bayarwa nan take, irin sakin da zai yi mata in ta ƙara taɓa masa jaka.

Sai ya miƙa hannu ya jawo akwatin robar. Ya buɗe gidan dare, ya tsamo wata 'yar farar ƙwaya ya ɗora a tafin hannu.

"Wannan fa, likitar gobe, me take yi a nan?"

Ta ce maganin kumburin ƙafa ne, an rubuta od, sau ɗaya a rana, ta ga gidan safe ya cika ta sa shi a na dare. Ya ce ta duba abin da ke gaban od ɗin. Ta duba. Wasu haruffa ne huɗu da ta ɗauka jan biron likita ne kawai: mane.

"Da safe ke nan. Ƙwayar fitsari ce. Ki ba ni ita da dare, in kwana ina safa da marwa tsakanin gado da banɗaki da waɗannan ƙafafun, in zame in karye, ki ci gadon bargona. Na gano ki."

Ta zaro littafinta daga jaka ta yi ta buɗawa. Can ƙasan wani shafi da ba su kai ba ta same shi, ga nocte na dare a kusa da shi. Ta daɗe tana kallon shafin. Shi kuwa ya mai da kansa ga taga, kamar yayyafin ne ya dame shi.

Ta kira ubanta, ta sa wayar a bayyane don tsohon ma ya ji. Ta gaya masa duk yadda aka yi, ba ta rage nata kuskuren ba. Uban ya tambayi tsohon me ya hana shi faɗa tun a asibiti cewa ya san kan takardar.

"Ba ka tambaye ni ba."

Uban ya ce to a bar kayan, amma yarinyar ta riƙa leƙowa duk mako. Tsohon ya ce ya yarda, ai tana bukatar darasi.

Ta kashe wayar, ta kwashe fararen ƙwayoyin bakwai ɗaya bayan ɗaya ta mai da su gidan safe, yana ƙirgawa da ita. Sannan ta durƙusa ta miƙa masa akwatin da hannu biyu tana dariya.

"Na sallama, Ango. Na fasa neman wani."

"Kin makara. Sai kin ci jarrabawa zan duba maganarki."

Akwatin yana nan a kan tagar ɗakinsa, takardar likitan a ninke a ƙarƙashinsa. Shi yake jera ƙwayoyinsa da kansa duk ranar Lahadi.