Gidan da Ba Ya Shan Wuta

Allah Ya yi mana baiwa da Injiniya Sifili, mutumin da ke hango shekara sittin daga kan kujerarsa. Sauran masu zanen gida bango kawai suke aunawa. Shi kuwa, tun ba a haƙa tushe ba, zai faɗa maka wutar da gidan zai sha da hayaƙin da zai jawo wa duniya har ranar rushewarsa. Na'urar sanyaya ɗaki biyu ce a ofishinsa, domin ƙwaƙwalwa irin wannan ba a barinta ta yi gumi.

Gwaggonsa ce ta fara cin moriyar ilimin. Rufin tsohon gidanta na yoyo, tana son ɗaki uku ita da jikokinta kafin damina.

"Gwaggo," in ji shi, yana juyo mata kwamfuta, "kicin ɗin nan naki, a shekara sittin, tan arba'in ne na hayaƙi. Na cire shi."

"To a ina zan yi girki, ɗan nan?"

"Wannan tambaya ba ta cikin lissafi."

Ya cire soket, kada wani ya jona fanka. Ya gano taga na shigo da zafi, ya yi ta rage ta har ta koma ramin makulli. Ƙwan fitila ɗaya ya rage. Kwana uku yana kallonsa, sannan ya sadaukar da shi. Duk abin da ya goge, lambar hayaƙin da ke ƙasan allo sai ta sauka, kafaɗarsa ta hau.

Wata shida da tarewar Gwaggo, ya kwaso ɗalibai mota guda, ya tsayar da su gaban mitar wutar gidan.

"Ku duba! Ko motsi ba ta yi ba. A duk tarihin gini, ni kaɗai ne..."

Wani hayaƙi ya turnuƙe su, tari ya sarƙe shi. Suka bi hayaƙin zuwa bayan gida. Ga Gwaggo a rumfar kwano da gadajenta da jikokinta, nan damina ta same su. Murhun itace biyu na ci, janareta na ruri don fanka.

"Gwaggo! To wa ke cikin gidan?"

"Awaki muka fara sakawa," ta ce, tana fifita wuta. "Kwana biyu suka yi suka ɓalle ƙofa. Yanzu albasa ce a ciki. Amma ka ƙara a lissafinka, ɗan nan, ita ma ta fara ruɓewa."