Yadda Kasuwar Gindin Marke Ta Zo Ta Ɗaya

A wani daji da ruwan sama bai cika yi wa rowa ba, akwai kasuwar masu cin ganye da ake kira Gindin Marke, tana ci kowace Laraba. Tun da waya ta shiga hannun dabbobi kasuwar nan ta fara ramewa, don yanzu ko karas zomo zai saya sai ya tambayi Nemau, wato injin binciken da ake rubuta wa abin da ake so, shi kuma ya jero wuraren da za a samu. Duk wanda ya rubuta "ina ake sayar da rama", sai Nemau ya tura shi Kasuwar Tsallake. Gindin Marke kuwa tana can shafi na tara, inda babu mai haƙurin kaiwa.

Ba wai ba su da shafin intanet ba ne. Suna da shi, wani tsohon abu mai ruwan toka da Kunkuru ya haɗa musu shekara bakwai da suka wuce, yana kuma buɗewa da irin saurin mai shi.

Wadda abin ya fi ci wa rai ita ce wata gada mai suna Lantana. Rumfarta ce ta farko a bakin ƙofa, gadon uwarta, tana sayar da rama da zogale da lalo. A da kafin hantsi ta karkaɗe faifai. Yanzu sai ta kai la'asar tana korar ƙuda, ganye ya yi yaushi, ta zauna ta cinye kayanta da kanta don kada ya lalace. Ni dai a iya sanina, ita kaɗai ce asara ta sa wa ƙiba.

Ranar da majalisar kasuwa ta zauna, Lantana ta durƙusa gaban Sarkin Kasuwa, wani raƙumin dawa da ya daɗe a kan kujera, ta ce, "Ranka ya daɗe, ba wani dogon abu nake roƙo ba. A rubuta a shafin nan cewa muna ci ranar Laraba, a faɗi hanya, a faɗi abin da muke sayarwa. In aka ƙara wata biyu a haka, wallahi sai na rufe rumfar uwata."

Kunkuru ya leƙo da kai ya ce, "Layi uku ne. In an ba ni izini, kafin jibi na sa."

Sarkin Kasuwa ya yi gyaran murya, wanda a wuyansa yakan ɗauki lokaci kafin ya iso, sannan ya ce, "Lantana, kin yi magana irin ta wanda yake kusa da ƙasa, kuma ba laifinki ba ne. Mu da Allah ya ba hangen nesa mun san ba layi uku ne matsalarmu ba. Matsalarmu ita ce martaba. Yaya za a ce kasuwa kamar tamu, ɗan gida ne yake taɓa mata shafi? Baba Kunkuru mun gode masa, amma mun san shi, mun san uwarsa, mun san ramin da yake kwana. Aiki irin wannan sai baƙo."

Majalisa ta ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe!" Har da waɗanda barci ya ɗauke tun farkon jawabin.

Haka aka ɗauko Injiniya Hawainiya daga wani kamfani a Dajin Birni. Ta zo da kwamfuta a jaka, tana taku ɗaya bayan ɗaya kamar ƙasar ba ta kai matsayinta ba, ido ɗaya a kan Sarkin Kasuwa, ɗayan a kan ƙofar fita. Ta buɗe tsohon shafin, ta yi tsaki, ta ce, "Wa ya yi muku wannan? Kai, an cuce ku!" Kunkuru ya mai da kansa ciki.

Zama bakwai aka yi a kan launi kawai. Ɓauna, wanda shi ne dattijon majalisa, ya ce baƙi, sai Hawainiya ta koma baƙa ta ce dama abin da ke ranta ke nan. Zomo magatakarda ya ce fari ya fi tsabta, ta yi fari fat ta ce Zomo ya san aiki. Kowa ya tashi daga zaman yana ganin shi ya ci, shafin kuma ya fito da launi goma sha ɗaya kamar zanen 'yar talla.

Sai maganar hotuna. Sarkin Kasuwa ya ce hotonsa za a fara gani, kuma cikakke, don ba ya son a yanke masa komai. To fa! Ka buɗe shafin a waya ka ga kansa, ka ja ƙasa ka ga wuya, ka sake ja ka ga wuya, sai a ja na shida kake isowa kafaɗa. A ƙarƙashinsa Ɓauna ya sa tarihin kasuwa tun daga kakansa na huɗu. A kowane zama Lantana takan ɗaga ƙafa ta ce, "Injiniya, Larabar fa?" Ita kuma ta juyo da ido ɗaya ta ce, "Yana cikin zango na biyu, 'yar uwa."

Aka ƙaddamar da sabon shafi da kiɗa da jawabai. Laraba uku suka wuce, ko ɓera bai ƙaru a kasuwa ba, Lantana ta ƙara ƙiba.

Da aka kira Hawainiya, ko a jikinta. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai yanzu muka zo kan ainihin aikin. Shafi ya yi kyau, saura Nemau ya so shi. Shi Nemau yana son shafin da ke ɗauke da kalmomin da aka fi nema. Na yi bincike a dajin nan kaf, ga abin da aka fi rubutawa: 'nama', 'mai taushi', 'mai maiƙo', 'kusa da ni', da kuma 'wanda ba ya gudu'. In muka zuba waɗannan a shafinku, na rantse muku cikin mako guda kuna layin farko."

Kunkuru ya fito da kai a hankali ya ce, "Injiniya, su wa suke rubuta waɗannan kalmomi?"

Hawainiya ta yi murmushi ta ce, "Baba, Nemau ba ya duba haƙoran mai tambaya, yawansu yake dubawa. Kuma kalmomin nan ba don a karanta ake sa su ba, don injin ake sawa. Wannan fanni ne na zamani, zai yi maka wuyar ganewa."

Babu wanda yake son a ce fannin zamani ya yi masa wuya, don haka kowa ya gyaɗa kai da ƙarfi. Zomo ya rubuta cewa an amince baki ɗaya.

Hawainiya ta zaga kasuwa tana ɗaukar hoton 'yan rumfa. Da ta zo kan Lantana ta ce, "Yauwa! Ke ce fuskar kasuwar nan. Juya gefe, a ga cikar jikin." Lantana ta ji daɗi har cikin ranta, don tunda take ba a taɓa cewa ita ce fuskar wani abu ba. A ƙarƙashin hoton aka rubuta: "Lantana, mai taushi, mai maiƙo, tana kusa da kai. Rumfa ta farko a bakin ƙofa, kowace Laraba." Aka haɗa da taswira mai jar kibiya, wadda ko makaho zai bi ya iso.

Ranar Asabar Gindin Marke ta zo ta ɗaya a Nemau. Sarkin Kasuwa ya sa aka yi shela.

Laraba da sassafe Lantana ta jera rama shar da ita, ta yayyafa ruwa, ta hango ƙura ta taso daga hanya. Ta ce, "Alhamdu lillahi, yau uwata za ta ji daɗi a kabarinta." Da ƙurar ta lafa, sai ga kuraye goma sha biyu a layi, kowace da waya a hannu. Ta gabansu, wata mai tabo a hanci, ta yi sallama cikin ladabi.

Ta ce, "Sannu da kasuwa. Ke ce Lantana?"

Lantana ta ce, "Ni... ni ce. Rama za a ba ku ko zogale?"

Kurar ta duba waya, ta duba ta, ta juya wa 'yan uwanta ta ce, "Kun gani? Yau dai an samu shafin da bai yi ƙarya ba. Ta ma fi hoton." Sannan ta ce, "Baiwar Allah, a nan ake ci ko tafiya ake yi da shi?"

Lantana ba ta tsaya bayani ba. Ta fasa bayan rumfa ta faɗa cikin sarƙaƙiya, ƙaya na yagar ta tana godiya ga ƙayar. Kurayen suka ji haushi, don an rubuta "wanda ba ya gudu", amma tunda sun riga sun zo, sai suka shiga ciki su ga sauran rumfuna.

Washegari Lantana ta zo majalisa jiki duk karce, ko durƙusawa ba ta yi ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a cire hotona. A cire sunana, a cire kibiyar nan. Ni ciniki na roƙa, ban ce a yi tallata ba. Jiya ban san ina da gudu haka ba, kuma ba na jin zan iya maimaitawa."

Sarkin Kasuwa, wanda kura ba ta taɓa kai masa ko gwiwa ba, ya ce, "Mun ji an ɗan samu cunkoso. Zomo, cire mata."

Zomo ya ce, "Ranka ya daɗe, kalmar sirrin shiga shafin tana hannun Injiniya."

Aka nemi Injiniya. Minti biyu da suka wuce tana zaune a kan reshen marke, kowa ya gan ta, amma da aka ɗaga kai sai ɓawon itace kawai ake gani. Can sai saƙo ya shigo wayar Zomo: "Mun karɓi ƙorafinku, muna kuma alfahari da ku. Za a duba cikin kwana goma sha huɗu na aiki. Lura: cire hoton zai sauke ku daga layin farko."

Ɓauna ya ce, "A gaskiya bayan wahalar da muka sha, mu koma shafi na tara saboda gada ɗaya? Lantana, ki yi haƙuri, kishin kasuwa ya fi son kai." Aka kafa kwamiti mai mambobi biyar da zai duba lamarin, aka ba shi wata uku.

Lantana ta ƙirga Larabobin da ke cikin wata uku, ta ga ƙafafunta ba za su kai ba. Ranar Talata ta warware rumfar uwarta kara bayan kara, tana kuka, Kunkuru yana riƙe mata igiya. Ta ɗaure kayanta ta haye zuwa Kasuwar Tsallake, inda aka ba ta wani lungu a bayan masu dusa. Babu wanda ya san sunanta a can, kuma ba ta taɓa jin daɗin rashin suna irin na lokacin ba.

A taron ƙarshen shekara Hawainiya ta bayyana tsaf, kore shar, ta nuna zane mai layi yana hawa sama. Ta ce masu ziyara sun ninka sau tara, suna daɗewa a cikin kasuwa, kuma duk wanda ya zo sau ɗaya sai ya dawo da iyalinsa. Ta ƙara da cewa a 'yan watannin nan ƙorafin 'yan rumfa ya ragu ƙwarai. Sarkin Kasuwa ya yaba, aka sabunta kwangila ba tare da ko murya ɗaya ta ƙi ba.

A tarihin majalisar, wannan ne zama na farko da kujeru suka ishi kowa, har aka samu na ɗora ƙafa.