Yadda Za Ka Ɗora Kakanka a Saman Tarihin Ƙasa

An sa ka a kwamitin da zai jera manyan abubuwa biyar da suka sauya alƙiblar ƙasa a farkon kafuwarta, a kafe su a bangon gidan tarihi? Madalla! Bi matakan nan, na ba ka tabbaci kakanka ne zai zo na ɗaya, ko da ƙasar ba ta taɓa jin sunansa ba.

1. Nemo hujja

Ka tuna ɗan hoton nan na falon goggonka, na ranar da gwamnan 'yan mulkin mallaka ya tattara ya tafi? Ga kakanka gaba-gaba, hannu a sama, hawaye shaɓe-shaɓe. Shi ke nan, bincike ya ƙare. Karatu na marasa hoto ne.

2. Kushe sauran

In an kawo yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa, taɓe baki ka ce, "Zaman kashe wando ne kawai." Tsarin mulki? "Aikin akawu." Zaɓen farko? Yi hamma, ka duba agogo.

3. Raba wa kowa nasa

Farfesan kwamiti zai buga tebur, "Wannan cin mutuncin ilimi ne!" Kada ka tsorata, shi ma yana da kawu. Ba wa kawun nasa lamba ta uku, ka ga yadda ilimi ke yin laushi. Ranar 'yancin kai kuwa, in wuri ya rage a sa ta.

4. Toshe kunne

Goggo za ta riƙe hoton gam, ta ce, "Ɗan nan, ka bar shi a firam ɗinsa. Babanmu da kansa ya naɗe gefen nan." Ka ce, "Haba Goggo, me kika sani a harkar tarihi?" Fizge abinka. Miƙa wa mai wankin hoto ba tare da ka duba ba, ka ce ya buɗe shi duka, ya faɗaɗa shi ya cika bango.

5. Gayyato duniya

'Yan jarida, surukai, 'ya'yanka a layin gaba. Ja labulen da ya rufe hoton da hannunka.

Yanzu ne za ka ga gefen da aka naɗe. Hannun nan da ke sama, lema yake riƙe wa gwamnan. Hawayen kuma na rabuwa ne, don ɗaya hannun ya cafke gefen kwat ɗin mutumin, ya ƙi saki.

Autarka za ta tambaya da ƙarfi, "Baba, Kaka ba ya so su tafi ne?"

Kada ka kalli Goggo. Tana kallonka.

Gargaɗi

Na yi alkawarin kakanka zai zo na ɗaya, ga shi can kuwa, tsayinsa har silin. Abin da yake yi a wurin, babu ruwana. Mutumin ya rufa wa kansa asiri har ya mutu, kai ka kira 'yan jarida.