Ƙwayoyin da Suka Kusa Hana Ni Aure

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so in manta, da ranar da na je Kibiya gaishe da Kawu Sale, waliyyin Hadiza, yarinyar da nake nema. Aurenta a hannunsa yake. An kuma gargaɗe ni cewa ɗan Hisba ne, ba abin da ya tsana irin ɗan ƙwaya.

Lokacin ina digiri na biyu, kaina ya kumbura. Aikinmu a ɗakin bincike shi ne mu ɗauki tsokar da ciwon daji ya kama, mu auna ƙwayoyin halittar cikinta, mu ga waɗanda ke aiki fiye da kima. Wadda ta fi rawar kai, ita ake nema wa maganin da zai kwantar da ita. Da Turanci sai in wuni ina bayani. Da Hausa kuwa, ashe ban taɓa gwadawa ba.

Muna zaune a zaure Kawu ya ce, "To samari, mece ce sana'ar?"

Maimakon in ce ɗalibi ne ni in kama bakina (wa ya aike ni?), sai na gyara zaman hula.

"Allah gafarta Malam, harkar ƙwayoyi muke yi. Na daji."

Ya ajiye carbi. "A dajin kuke yi?"

Na zaci ya gane. "Ƙwarai! Tantance su muke yi, wadda ta fi ƙarfi ita muke bi. Kafin a kai ga mutane ma sai mun gwada a kan ɓeraye."

"Inna lillahi! Ko ɓeran ba ku ƙyale ba?"

Yayana da ya rako ni yana ta taka min ƙafa, ni kuma ina matsawa, wai wuri ne ya yi masa kaɗan. Sai da Kawu ya sa aka kwashe furar da ke gabanmu na farga. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Hadiza ta sha kuka. Sai da malamina ya taso daga Kano da furfurarsa ya wanke ni. Kawu ya ce, "Au, sankara yake nufi? Duk bokon nan bai san sunanta ba?"

An ba ni Hadiza. Amma har gobe a Kibiya sunana Mai Ƙwaya, kuma duk Sallah sai Kawu ya tambaye ni, "Ya kasuwa?"

Yanzu duk wanda ya tambayi sana'ata, cewa nake aikin asibiti, in ja bakina in yi shiru.