Zanen Goyon Inna Tsahara

"Salamu alaikum, amaryata! Ina wuni, ina gajiyar jiran ango?"

Inna Tsahara ba ta ko dubi fuskar jikanta Alkasum ba. Idonta na kan baƙar ledar da ke rataye a hannun babur ɗinsa. Tun safe tsohuwar nan ta hana gidanmu na Tsarnawa sakat: ta zazzage akwati, ta ɗaga tabarmi, har rumbu ta sa aka leƙa. Abin da ya ɓata wani tsohon zanen saƙi ne, da can baƙi wuluk, yanzu ya koɗe ya koma kamar toka. Da shi ta goyi 'ya'yanta da jikokinta, kuma a gidan nan ba a fara goya jariri da wani zane sai shi. Ga shi Wasila, matar Alkasum, ta haifi 'ya mace, gobe suna. Sai da azahar Wasila ta faɗi gaskiya, cewa mijinta ya tafi da zanen Konni a rina shi. Wallahi na ga Inna ta zauna daɓas ta kasa ko faɗa, kuma ba ƙaramin abu ke hana Inna faɗa ba.

"Ba ki amsa sallama? To, aure ya mutu ke nan."

"Wa alaikumus salam, don Allah ba don kai ba. Ɓarawon tsumma, ina zanena?"

"Ke da bakinki kinka ce tsumma. Ni kau kunya na hisshe ki. Gobe mutane za su taho tun daga Alela, su iske ɗiyata cikin abin da ko jaki ba a yi ma shimhiɗa da shi?"

"Ubanka cikinai yag girma, bai kau zama jaki ba. Kai ɗai na har yau ba mu tabbata ba."

"Ai sai kin gani. Galura ja na sa anka zuba mai, anka bi da tsanwa. In Wasila ta yi goyo, tun daga gudron, can bakin kwalta, za a hango ta."

"Ja kac ce?"

"Ja zur! Marinin ma ya ce in kai mishi mai zanen ya tsoma ta, ko kan nan nata ya koma baƙi."

"Kaina wurin renonka yay yi hwari, mai kunnuwa kamar faifai. Miƙo ledar."

Bakin yana aikinsa, amma fuskarta babu alamar wasa ko kaɗan. Alkasum ya gani, kuma duk shegantakarsa ba mugu ba ne. Ya kwance ledar ya zaro wata sabuwar atamfa mai furanni ya ajiye gefe. A ƙarƙashinta ga zanen nan a ninke, a koɗensa, ko ɗigon galura bai taɓa shi ba.

Inna ta warware shi, ta duba ciki da baya, ta kai hanci ta shinshina. Sannan ta sauke ajiyar zuciyar da har matan da ke tuƙin tuwon suna sai da suka juyo. Ni ma da ba zanena ba, na ji sanyi har cikin raina.

"Alhamdu lillahi. To maƙaryaci, mi ya hana?"

"Tausan marini na ji. Kar zanenki ya tsohe mai da ruwan baba."

"Hwaɗi gaskiya, ko in sake ka gaban mutane."

Ya sosa ƙeya. "Har bakin marina na kai. Na buɗe shi, sai na ga hwarin wurin ga na tsakiya, daidai mazaunin jinjiri. Na ce in an rina, wa za ya ƙara ganinai? Na naɗe abina, na shiga kasuwa na sayo miki wagga."

"Ashe akwai ɗan abu cikin kan ga. Mu ga toshin."

Ta jawo atamfar, ta jiƙa bakinta da ruwan buta, ta goga a gefen farin mayafinta kamar yadda take yi wa duk ɗan kasuwar da ya shigo gidan da tufafi. Mayafin ya yi jawur.

"Jama'a, ku taho ku ga toshin angona! Zuba takai! Zanena ya sha shekaru kahin ya koɗe, naka tun bai ga sabulu ba ya hwara."

"Mai kanti ya rantse min ba ta koɗewa!"

"Kai ma ka rantse min kullum za ka kawo goro. Ina shi?"

"Mi za ki tauna shi da shi? Haƙoran ai sun riga ki tahiya."

"Ina da turmi. Taho nan, ɗora hannu bisa hwarin wurin ga da kaka tausai. Ka san wa yak koɗar da shi?"

"Rana da wanki mana."

"Hitsarinka na! Duk jikokina ba a yi mai ambaliya irinka ba. In na goye ka zuwa rijiya, ruwa bisa kai, ruwa ga baya. Sau nawa niw wanke zanen ga sabili da kai? Yau kuma ka ɗauka za ka kai a ɓoye shaida!"

Matan gidan suka kwashe da dariya, har muka jiyo ta Wasila daga ɗakin jego. Alkasum ya dafe kai yana dariya har da hawaye.

"Na sallama, Inna. Ki rufa min asiri gobe, goro ƙwarya guda na kaina."

"Goron na karɓa. Asiri kau sai na yi shawara."

Ta miƙe ta yafa zanen a kafaɗa ta nufi ɗakin mai jego, tana cewa a miƙo mata 'yar nan ta gwada ta a ciki. Har ta kama labule Alkasum ya kira ta, wannan karon ba da muryar wasa ba.

"Inna, in ta tashi yin nata, ki bar mata wuri kusa da nawa."

Tsohuwar ta kwance bakin zanenta, ta ɓare goro ta jefa masa rabi.